Ƙarfe tara na safiyar Asabar

An rubuto wannan lacca ne daga faifan da aka naɗa a taron zumunci na Hausawa mazauna Manchesta. Mai laccar likita ne da ke duba marasa lafiya a asibitin unguwa, ya kuma yi magana ne kan parkrun, taron tafiya da gudu na kowace safiyar Asabar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu maza da mata, malamanmu, 'yan'uwa, sannunku da fitowa cikin wannan sanyi. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Da shugaba ya kira ni, cewa ya yi in zo in yi magana kan ciwon suga da hawan jini, tunda su suka addabe mu. Na ce masa ranka ya daɗe zan taɓo su, amma ta wata ƙofa zan shigo. Don babu wanda ke ɗakin nan da bai taɓa jin likita ya ce masa ya rage gishiri, ya rage tuwon dare, ya riƙa motsa jiki ba. Ni kaina bakina ya gaji da faɗin haka. Mutum ya ce "to likita, in sha Allahu", ya tafi, bayan wata uku ya dawo, awo na nan inda aka bar shi. Na daɗe ina ɗauka sakaci ne. Daga baya na gane gajartar daga wajenmu take. Mun ce masa ya motsa jiki, amma ba mu gaya masa a ina ba, ba mu gaya masa yaushe ba, ba mu kuma haɗa shi da kowa ba. A gida ƙafa ce ke kai mutum kasuwa, ta kai shi masallaci sau biyar, ta kai shi gaisuwar rasuwa a wata unguwa. A nan kuwa daga ɗaki sai mota, daga mota sai wurin aiki. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Yaushe mutum zai taka?

To yau na zo muku da wuri, da lokaci, da abokan tafiya. Sunan abin parkrun. Kowace Asabar, ƙarfe tara na safe, mutane na taruwa a lambunan shaƙatawa na unguwanni, su yi kilomita 5. Mai gudu ya yi gudu, mai sassarfa ya yi sassarfa, mai tafiya ya taka abinsa. Ana ɗaukar lokacin kowa. Ba a biyan ko kwabo. A nan garin akwai shi a Platt Fields, akwai a Heaton Park, akwai a wasu lambunan da dama, da wuya a ce gidanka ya yi nisa da ɗaya.

Asalinsa ya kamata ku ji, don ba daga ofishin gwamnati ya fito ba. Wani mutum ne mai suna Paul Sinton-Hewitt, haifaffen Zimbabwe, tasowar Afirka ta Kudu, yana zaune a Landan. Ɗan tsere ne, sai ya ji rauni, gudu ya gagare shi, a daidai lokacin kuma aikinsa ya kuɓuce masa, duniya ta yi masa zafi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne rabuwa da abokan gudunsa. Sai ya ce musu, ku zo ranar Asabar ku yi gudu, ni zan riƙe muku agogo, in an gama mu je mu sha shayi tare. Ranar 2 ga Oktoba 2004, a lambun Bushy Park, mutum 13 suka fito. Ku lura da wannan, wanda ya kafa abin bai yi gudu ba a ranar. Kaɗaici ne ya fitar da shi, agogon kuwa dalili ne kawai na haɗuwa. Sai a 2007 aka buɗe na biyu a Wimbledon. A 2011 ya isa Afirka ta Kudu, inda Bruce Fordyce, wanda ya ci dogon tseren ƙasar da ake kira Comrades sau 9, ya fara shi a lambun Delta da ke Johannesburg. Yau ana yin sa a ƙasashe sama da 20, har da Namibiya da Eswatini. Tun 2017 ma ana yin sa a cikin wasu gidajen yari na ƙasar nan, fursunoni su yi nasu kilomita 5 ɗin a daidai safiyar da na waje ke yi.

Yadda ake shiga ba wuya. Sau ɗaya za ka yi rajista a intanet, a ba ka lamba mai layi-layi irin wadda ke jikin kayan kanti. Ka buga ta a takarda ko ka ajiye ta a waya, kuma wannan lambar ita ce taka har abada, ko a Ostiraliya ka je za ta yi aiki. Ba sai ka sanar da kowa za ka zo ba. In ka iso ƙarshen tafiyar, za a miƙa maka ɗan guntun roba mai ɗauke da lambar matsayin da ka zo, ka kai wa wani ya haska shi tare da lambarka, ka mayar musu da robarsu. Kafin azahar galibi saƙo ya shigo wayarka da lokacinka. A farkon abin, 'yan zobban ƙarfe irin waɗanda makanikai ke sa wa noti aka riƙa buga wa lamba ana ba mutane.

Bari in ba ku labarin ranar da na fara zuwa, don a nan na ga abin da ya sa nake tsaye a gabanku. Na isa kamar tara saura kwata, ana yayyafi, ban san kowa ba. Wata mata ta ɗaga allo tana kiran sababbin zuwa, muka kewaye ta mu wajen goma, ta kwatanta mana hanya. Sai ta nuna wani dattijon Bature sanye da riga mai ruwan goro, ta ce wannan shi ne na ƙarshe yau. Na ɗauka ban ji daidai ba. Ashe aikinsa ke nan. A kowane taro ana ware mutum wanda zai tafi a bayan kowa, ba zai tsallake layin gamawa ba sai kowa ya tsallake. Ko awa guda za ka yi, yana bayanka ko gefenka, yana ja ka da hira. Na tsaya bayan na gama ina kallo. Wata tsohuwa ce ta shigo da sanda a hannu, agogo ya haura awa ɗaya, masu riƙe da agogo suna tsaye cikin ruwa ba wanda ya motsa, aka yi mata tafi kamar ita ta zo ta ɗaya. Sannan dattijon nan ya shigo a bayanta, aka rubuta shi na ƙarshe.

Jama'a, ku yi tunanin wannan. Abin da ke hana yawancinmu fita shi ne kunya. Mutum mai shekara hamsin, mai iyali, ana girmama shi, ya zo yana haki a bayan yara, kowa na jiran sa? Gara ya zauna a gida. Waɗannan mutane sun gano inda ciwon yake, sun sa mutum ya ɗauke wa kowa wannan kunyar. Masu tafiyar da shirin ma murna suke yi idan matsakaicin lokacin gamawa ya ƙaru, don alama ce waɗanda da ba sa fitowa sun fara fitowa. Ni a aikina na likita ban ga dabarar da ta kai wannan ba.

Akwai wani babanmu ɗan Katsina, ba ya nan yau, ya kuma ba ni izinin in faɗa ba tare da suna ba. Bayan rasuwar mai ɗakinsa ya shige gida. Jumma'a kaɗai ke fito da shi. Na yi ta lallashinsa har wata Asabar ya yarda na ɗauko shi. Da doguwar riga ya zo, da hula, da takalmin ɗansa da ya ɗan yi masa yawa. Ya ce mini, "Likita, ni fa ba zan yi gudu ba, girma ya zo." Na ce Baba, taka kawai. Sau biyu ya zauna a benci a bakin tafki. Da saƙo ya shigo wayarsa da rana sai ya kira ni, ya ce in karanta masa abin da aka rubuto. Na ce minti 68 ne Baba. Ya ce to, mako mai zuwa sai a rage. Yanzu wasu Asabar ɗin ba ya ma tafiyar, kwana yake tsayawa da riga mai ƙyalli yana nuna wa mutane hanya, yana musu "sannu, sannu" da Hausa, wasu har sun iya mayar masa. Suganshi ya sauka, gaskiya ne, amma ni abin da ya fi faranta mini rai shi ne in bai zo ba ana tambayar ina yake. Mu muka ce zumunci a ƙafa yake, sai ga shi na gani da idona a lambun Turawa.

Wannan ya kawo ni kan masu aikin. Duk wanda ka gani a wurin, mai agogo, mai haska lamba, mai tsayuwa a kwana, mai jagorantar ranar, ba a biyan sa. Aikin gayya ne, irin wanda ake yi a ƙauye idan za a yi wa wani noma ko ɗaukar jinka, yau a yi maka gobe ka yi wa wani. In masu gayyar ba su cika ba, ba a yin taron. Kuma sun riƙe maganar kyauta da gaske. A 2016 wata ƙaramar hukuma kusa da Bristol ta ce sai an riƙa biyan kuɗin amfani da lambun Little Stoke. Suka gwammace su rufe taron wurin da a ce an fara karɓar kuɗi. Wasu sun ga sun cika tauri. Ni ina ganin sun yi daidai, don ranar da aka sa fam ɗaya a ƙofa, wanda ya fi buƙatar wurin shi zai fara janyewa.

Yanzu ga inda abin ke damuna. Ina zuwa, in duba cikin mutum ɗari uku ko huɗu, baƙar fata ba su kai yatsun hannu biyu ba. Masu bincike a Sheffield sun duba alƙaluman Ingila, suka ga unguwannin marasa ƙarfi da waɗanda baƙi suka yi yawa su ne suka fi ƙarancin fitowa, ko da lambun na kusa da su. Alhali mu ne ciwon ke fara kamawa. Bature ana fara sa masa ido kan ciwon suga daga shekara 40, mu 'yan Afirka da mutanen kudancin Asiya daga 25. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wanda ya taka kilomita 5 ranar Asabar ya ci wajen kashi ɗaya cikin uku ke nan kafin ya karya kumallo. Tun 2018 ƙungiyar likitocin unguwa ta ƙasar nan ta haɗa hannu da shirin, har asibitoci na tura marasa lafiyarsu can. Da harajinmu ake gyara lambunan nan, mu ma namu ne.

Iyayenmu mata da ƙannena, na ga kuna kallon juna. Ba wanda zai tambaye ki me kika sa. Da hijabinki da doguwar rigarki za ki iya, ki sami takalmi mai taushi kawai. Mai jego ta zo da keken jariri. Yaron da bai kai shekara 11 ba dole ya kasance dab da babba, kuma ranar Lahadi akwai na yara zalla, kilomita 2, daga shekara 4 zuwa 14. Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku zo tare. Malamai na nan za su gyara mini, ya tabbata Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi tsere da Nana A'isha, ta wuce shi, bayan shekaru suka sake ya wuce ta, ya ce mata wannan a madadin waccan. To maigida, rakiya ta kama ka.

Na'am Hajiya? Tambayar Hajiya kan karnuka ce. E, akwai su, ba zan ɓoye miki ba. Amma doka ce kare ɗaya ga mutum ɗaya, a gajeriyar igiya a hannu. In kika tsaya ta gefe ko ta baya wajen tashi, da wuya ya kusance ki, in kuma kika gaya wa mai jagorantar ranar zai kula.

Malam yana tambaya kan azumi. Mai lafiya zai iya takawa a hankali, ko ya karɓi aikin gayya a watan, ya tsaya a kwana ko ya haska lamba. Amma mai allurar insulin ko maganin da ke saukar da suga da ƙarfi, kada ya haɗa azumi da wannan sai ya ga likitansa. Haka wanda ke jin ciwon ƙirji, ko numfashinsa ke sarƙewa in ya hau bene, ko jiri ke ɗibar sa, a fara duba shi tukuna. Wanda kuma yake son ya kai ga gudu, hukumar lafiya ta ƙasar nan na da manhaja ta kyauta da ke ɗaukar mutum daga zaune zuwa gudun kilomita 5 cikin mako 9.

Na ga ladan ya miƙe, lokacin la'asar ya yi. Asabar mai zuwa ina Platt Fields tun takwas da rabi, a bakin tafki, da jar hula don ku gane ni. Motata na ɗaukar mutum huɗu. Wanda rajistar ta ba shi wahala ya same ni bayan salla da wayarsa, mu yi ta yanzu kafin a kawo abinci. Wassalamu alaikum.