Wutar da ke raya daji: yadda masu filaye a tsakiyar Amurka ke dawo da ciyayin asali

Ku dubi wannan mutum da ke tafe a gefen gonarsa a kudancin jihar Wiskonsin ta Amurka da safiyar wata rana a cikin watan Afrilu, yana riƙe da wata butar ƙarfe mai dogon baki wadda ke ɗigar da wuta a kan busasshiyar ciyawa. Filin nasa ne, kuma da gangan yake cinna masa wuta. A bayansa ga maƙwabta suna biye, kowa goye da tankin ruwa, can gefe kuma ga tarin itatuwan da ya sare da hannunsa lokacin sanyi. Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa, inda kullum ake jan kunnenmu a kan ƙona daji da sare itace, zai ga wannan ya ce ɓarna ce muraran. Amma gyara mutumin nan yake yi, kuma kafin a gane dalili sai an san yadda ƙasar take kafin garma ta shige ta.

Shekaru ɗari biyu da suka wuce, matafiyin da ya ratsa tsakiyar Amurka ta Arewa yakan ci karo da daji iri uku, waɗanda abin da ya bambanta su shi ne yawan inuwa. Akwai shimfiɗaɗɗen filin ciyawa da furanni wanda babu itace a cikinsa sai jefi-jefi, shi ne Amurkawa ke kira fireri. Akwai sabana, inda manyan itatuwan oak ke tsaye nesa da juna, rana na sauka tsakaninsu a kan ciyawa, kusan yadda gawo da ɗorawa ke tsayawa a gonakinmu. Sai kuma daji mai yawan itatuwa wanda duk da haka bai rufe ruf kamar kurmi ba, mutum na iya sukuwa da doki a cikinsa. Babbar ciyawar fireri 'yar'uwar gambarmu ce ta jini, domin masana tsirrai dangi ɗaya suka sa su, wato Andropogon, kuma takan kere tsayin mutum idan ta samu ruwa. Sai dai abin da ido ke gani kaɗan ne daga cikinta, domin saiwarta na nitsewa mita biyu ko fiye a cikin ƙasa, wasu furannin ma saiwarsu na wuce mita huɗu. Waɗannan saiwoyi, da suka yi dubban shekaru suna mutuwa suna ruɓewa wasu na maye gurbinsu, su ne suka gina baƙar ƙasar nan mai albarka da yau ake noma masara da waken soya a kanta.

Albarkar ƙasar ce ta jawo wa ciyawar halaka. Da farko garmar da Turawa suka zo da ita ba ta iya aiki sosai a wannan ƙasa mai danƙo, sai a tsaya ana kankare ta, har zuwa 1837 lokacin da wani maƙeri mai suna John Deere ya ƙera garmar ƙarfe mai santsi a garin Grand Detour na jihar Ilinoi. Kafin ƙarni ya juyo an kifar da kusan komai. An ƙiyasta cewa fireri mai dogayen ciyayi ya taɓa mamaye eka miliyan 170, amma abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin 100 ba, mafi yawansa a tuddan Flint na jihar Kansas, inda duwatsu suka hana garma shiga. A jihar Ayowa abin da ya tsira bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba.

Ita kuwa sabana wata irin mutuwa ta yi, a hankali, ba tare da an ankara ba. 'Yan asalin ƙasar sun yi dubban shekaru suna sa wa dajin wuta don farauta da buɗe hanya da jawo ɓauna zuwa sabon toho, wutar kuma tana cinye ƙananan itatuwa ta bar manyan oak, waɗanda kaurin ɓawonsu ke kare su. Da aka kori mutanen daga ƙasarsu aka kuma hana wuta, sai ƙananan itatuwa suka tashi suka cike sararin, daga baya kuma wasu tsirrai da aka shigo da su daga Turai da Asiya don yin shinge da ƙawata gidaje suka tsere zuwa daji suka zama sarƙaƙiya. Wani bincike da aka wallafa a 1986 ya gano cewa sabanar da ta rage da kamanninta na asali a yankin ba ta wuce kashi 2 cikin 10,000 ba. Ku lura da wannan tsohon itacen oak da ke tsakiyar duhuwar nan. Rassansa na ƙasa sun miƙe gefe da gefe, masu kauri kamar jikin mutum, amma duk sun bushe. Itacen da ya girma a cikin cunkoso sama yake miƙewa yana neman rana, ba ya yin irin waɗannan rassa, saboda haka wannan tsoho shaida ne cewa a sarari ya tashi, duhuwar ce ta same shi daga baya.

Dalilin da ya sa maganar ta koma hannun masu filaye a fili yake. A jiha irin Ayowa, sama da kashi 95 cikin 100 na ƙasa mallakar ɗaiɗaikun mutane ce da kamfanoni, don haka ko gwamnati ta gyara duk gandun da ke hannunta, abin da ta gyara bai taka kara ya karya ba. Tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa cikin ciyawa, da ƙudan zuma na daji, da malam-buɗe-littafin nan da ke ƙaura duk shekara tsakanin Meziko da Kanada, ba su san iyakar gona ba, kuma rayuwarsu ta rataya ne a kan shawarar da manomi ko magajinsa zai yanke game da gangaren da ke bayan gidansa.

Ilimin wannan aiki ma da tuntuɓe aka same shi. A tsakiyar shekarun 1930, malaman Jami'ar Wiskonsin da ke Madison, cikinsu har da Aldo Leopold, suka ɗauki wata tsohuwar makiyayar dawaki suka ce za su mayar da ita fireri, matasan da gwamnati ta ɗauka aiki lokacin karayar tattalin arziki suka yi ta dasa ciyayi da shuka iri. Ciyawar da aka shigo da ita daga Turai ta ci gaba da danne abin da aka shuka, har sai da masanin tsirrai John Curtis da abokan aikinsa suka gwada sa wuta a shekarun 1940, suka ga ciyayin asali sun farfaɗo. Filin na nan har yau da sunan Curtis, kuma ana ɗaukarsa mafi daɗewa cikin filayen fireri da aka sake rayawa a duniya.

Mai filin da ke son shiga wannan aiki yakan fara ne da kallo, wani lokaci shekara guda cur, domin gano abin da ya saura. Sau da yawa a kan tudun da ya fi ƙarfin tarakta, ko a ƙarƙashin sarƙaƙiya, akwai tsirran asali da suka yi shekaru a takure suna jiran haske, kuma wanda ya yi gaggawar sa garma ko feshin maganin ciyawa zai iya kashe abin da ba a sayensa da kuɗi. Daga nan sai sara. Ana sare baƙin itatuwan nan da sanyi, a shafa wa kututturen magani nan take don kada ya sake toho, wasu kuma sukan kawo garken awaki su cinye ganyen. Inda gonar masara ce tsantsa, babu abin da ya rage a ƙasa, dole a shuka, kuma akan haɗa iri na ciyayi da furanni masu yawa, a fi son wanda aka tara a kusa domin shi ya saba da yanayin wurin. Yawancin irin furannin ba sa tsirowa sai sun sha sanyi da danshi na watanni, shi ya sa ake watsa su a ƙarshen kaka, wani lokaci ma a kan dusar ƙanƙara.

Shekarar farko ita ce jarrabawar mai fili. Abin da zai gani ciyawar banza ce kawai, maƙwabta na wucewa suna girgiza kai, shi kuwa aikinsa shi ne ya riƙa yanke ta kafin ta yi iri, domin rana ta isa ga 'yan tsirran da ba su wuce tsawon yatsa ba, waɗanda duk ƙarfinsu ya tafi wajen nitsa saiwa. Sai a shekara ta uku ko ta huɗu filin ke fara kama da abin da aka yi niyya. Mutane da yawa a nan suke karaya su sake kifar da filin, alhali mahakurci ne kaɗai ke cin moriyar wannan shuka.

Mu koma ga ranar wuta. Tun kafin ranar an share hanya kewaye da filin, an nemi izini inda doka ta buƙata, an sanar da masu kashe gobara da maƙwabta, an kuma jira ranar da iska ke kaɗawa daga gefe ɗaya ba tare da sauyawa ba. Butar nan haɗin dizal da fetur ne a cikinta. Ana fara cinnawa ne daga gefen da iska ta nufa, domin wutar ta riƙa rarrafe tana fuskantar iska har ta bar baƙin fili mai faɗi, sannan a zagayo a saki ta baya, ta taho da gudu ta mutu inda ta tarar babu abin ci. Wutar na cinye tarin busasshiyar ciyawar da ta toshe ƙasa, tana ƙona ƙananan itatuwa, tana kuma raunana ciyawar Turai wadda ta riga ta yi kore, alhali ciyayin asali na barci a ƙarƙashin ƙasa. Baƙin toka na jawo zafin rana, cikin 'yan makonni sai filin ya yi kore shar. Masu lura ba sa ƙona filin duka a shekara ɗaya, sukan bar wani sashe domin ƙwarin da suka kwana cikin karan ciyawa su samu mafaka.

Aikin na cin kuɗi, irin ma kaɗai yana da tsada, don haka akwai tallafi. Tun 1985 ma'aikatar noma ta Amurka ke da shirin da take biyan manomi haya duk shekara, na tsawon shekara 10 zuwa 15, idan ya janye fili mai saurin zaizaya daga noma ya rufe shi da ciyawa, kuma a 1987 hukumar kula da kifi da namun daji ta buɗe nata shirin na taimakon masu filaye da shawara da kayan aiki. Masu bincike na Jami'ar Jihar Ayowa, waɗanda suka fara gwaji a 2007, sun nuna cewa idan aka ware kashi 10 cikin 100 na gonar gangare aka shuka zirin ciyayin fireri a kwance, ƙasar da ruwa ke kwashewa na raguwa da kusan kashi 95 cikin 100. A ganina raunin tsarin shi ne gajartar wa'adinsa. Filayen da ke cikin shirin hayar sun kai kusan eka miliyan 37 a 2007, amma da farashin masara ya tashi, majalisa kuma ta rage adadin da aka yarda a ɗauka, miliyoyin eka suka koma ƙarƙashin garma, saiwar da ta yi shekara goma tana ginuwa ta tafi a yini guda. Shi ya sa wasu masu filaye ke rubuta yarjejeniya ta dindindin a kan takardar mallaka, wadda ke bin filin ko an sayar ko an gada.

Manoman Maraɗi da Damagaram za su gane zuciyar wannan aiki, ko da yake hannunsu akasin haka yake yi. Tun daga 1983, lokacin da wani masanin noma ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da ake sharewa a gonakin Maraɗi toho ne na kututturan itatuwa masu rai a ƙasa, manoma suka riƙa zaɓen toho suna gyara shi suna kare shi, har aka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan kadada miliyan 5 a Nijar. A wurare biyun, mai gona ne ya tambayi ƙasarsa abin da ta riƙe a ciki. Sai dai kada wani ya ɗauki wutar Wiskonsin ya kai Sahel, domin a can ruwa ya wadata kuma itace ne ke cinye ciyawa, a nan kuwa ƙasa na buƙatar kowane kara da ganye don kare ta daga iska da rana.

Masu wannan aiki da kansu suna faɗin cewa filin da aka shuka bai kai na asali ba, ko bayan shekaru masu yawa, domin akwai tsirrai da ƙwari da ƙananan halittun cikin ƙasa da ba sa dawowa da sauƙi. Saboda haka idan kaka ta yi za ku gan su riƙe da jakunkunan takarda a gefen tsohon layin dogo, ko cikin maƙabartun Turawan farko da garma ba ta taɓa shiga ba, bayan sun nemi izini, suna murza kan furanni a tafin hannu suna tara irin da za su watsa a filayensu kafin ƙanƙara ta sauka.