Ƙungiyar 'Yan Jarida a Laburaren Makaranta: Matakin da Ake Tsallakewa

[Filin asambuli da safe, ɗalibai a layi]

Jama'a, kun sha ganin irin wannan bidiyo a WhatsApp da Facebook. Yarinya ta riƙe takarda tana karanta labaran duniya da murya tamkar ta ma'aikatan BBC Hausa, mutane suna ta cewa, "Masha Allah, ga 'yar jarida!" Ni ma ta burge ni. Amma karatun nan shi ne ƙarshen aiki. Akwai wani mataki kafin a kai ga takardar, wato tantance gaskiyar labari, kuma shi ne makarantu da yawa suke tsallakewa.

[Cikin laburare]

Kayan farawa ba su da yawa. Tebur ɗaya a kusurwa. Jaridu, sababbi da tsofaffi: Aminiya, Daily Trust, duk wadda aka samu. Ƙaramar rediyo, don a saurari shiri irin Inda Ranka na Freedom Radio a Kano, a ji yadda ake ɗauko labarin unguwa. Littafin rubutu ga kowane ɗalibi. Sai ɗan jarida ɗaya na garin da zai riƙa leƙowa. Ƙungiyar 'yan jarida ta Najeriya, wato NUJ, tana da reshe a kowace jiha, wasiƙa daga shugaban makaranta ta isa a fara magana.

Idan an dace da tsohon kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo, a nuna musu. An fara buga ta a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam ne editanta na Hausa, kwabo ɗaya ake sayar da ita. Ina so yaranmu su taɓa ta da hannu, su san cewa aikin jarida da Hausa ya girmi kakanninsu da yawa.

[Famfon tuƙa-tuƙa, jarkoki a jere, babu ruwa]

To ga inda gizo yake saƙa. A ce famfon makaranta ya lalace. Kafin azahar labari ya zagaye azuzuwa: wai an tara kuɗin gyara, wani ya yi gaba da su. Ɗalibi ya rubuta haka, ya kawo wa Malama mai kula da laburare yana murna ya samo labari mai zafi.

Ku kalli abin da take yi. Jan biro. Ba ta taɓa rubutun ba, ba ta gyara nahawu ba. Kalma biyu kawai take zagayewa duk inda ta gan su: "an ce". A gefe ta rubuta, "Wa ya ce?"

Tambayar nan ita ce darasin gaba ɗaya. Wa ya faɗa maka? Shi da idonsa ya gani, ko shi ma gaya masa aka yi? Akwai wani daban, wanda ba abokin na farkon ba, da ya san maganar? Sannan wanda ake nuna wa yatsa, ka ji ta bakinsa?

Mutane da yawa suna ɗauka idan mutum goma suka faɗi abu, ya tabbata. Ku bi sawun goman nan, sau da yawa za ku tarar duk daga baki ɗaya suka ji. Majiya ɗaya ce ta yi amsa-kuwwa sau goma.

[Ɗalibai biyu da littattafansu a bakin ƙofa]

Sai a koma fili. "Baba, ina kwana. Don Allah yaushe famfon nan ya daina kawo ruwa?" Baba maigadi ya ce ran Talata, kuma mai gyara ya zo ran Alhamis ya buɗe shi. Sun rubuta rana, sun rubuta wanda ya faɗa. Sun sami mai gyaran, ya nuna musu robar ciki da ta cinye, ya ce sai an sayo wata daga kasuwa. Sun je ofishin shugaban makaranta tare da Malama, suka roƙi a nuna musu rasit.

A nan ɗalibi yakan ji ba daɗi, domin labarin ya huce. Ɓarawo ya ɓace, saura roba da ranar gyara. Ni a ganina wannan ne ya fi amfani: ɗaliban kwana yanzu sun san kwana nawa za su ci gaba da ɗibar ruwa a waje, kuma ba a ɓata sunan bawan Allah a banza ba. Idan kuma binciken ya nuna da gaske akwai lauje cikin naɗi, wannan ya wuce allon makaranta. A nan ɗan jaridar da aka gayyato zai karɓa, shi ya san dokar ɓata suna, kuma shi zai iya rubuta buƙata a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Yara kada su tunkari wanda ake zargi su kaɗai.

[Allon sanarwa, ɗalibai sun yi cincirindo]

Sauran aikin da sauri yake tafiya. A rubuta: me ya faru, ina, yaushe, wa ya faɗa. A liƙa a allo, a karanta a asambuli, a ajiye kwafi a fayil ɗin laburare don 'yan aji na gaba.

Ku dubi ƙasan takardar wannan makon, akwai ɗan akwati. Wancan makon sun rubuta cewa mai gyara ya zo Laraba, ashe Alhamis ce. Ɗalibin da ya yi kuskuren shi ya rubuta gyaran da hannunsa, ya sa sunansa a ƙasa.