Ɓeran da ke haske daga ciki: lacca kan ɗigon kwantum

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da war haka.

Duk mai waya ya kunna tocilarta, ya ɗora yatsa a kai. Kun ga ya yi ja? Jini ne ya shanye shuɗi da kore, ja kaɗai ya samu hanya. To a nan aikinmu yake. Idan tsawon zangon haske yana tsakanin nanomita 650 zuwa 900 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), jini da ruwa ba sa shan hasken sosai. Idan muka samu abin da ke ƙyalli a wannan tazarar, za mu leƙa cikin ɓera yana raye, ba tare da wuƙa ta taɓa shi ba.

Abin nan shi ne ɗigon kwantum, wanda ya ba Moungi Bawendi da Louis Brus da Alexei Ekimov kyautar Nobel ta 2023. Ƙwaya ce da ba ta wuce nanomita 2 zuwa 10 ba. Sinadarin ɗaya ne, amma ƙaramar tana ba da shuɗi, babbar tana ba da ja. Girma ne ke yanke launi.

A 2004, ayarin Bawendi da John Frangioni a Amurka suka yi wa ɓera da alade allurarsa a fata, suka bi haskensa har kaluluwar farko, wadda ciwon daji kan fara sauka idan ya tashi yaɗuwa. A jikin alade sun hango ta a zurfin santimita 1.

Ga yadda ake yi a ɗakin gwaji. Ka aske gashin ɓeran, ka shaƙa masa maganin barci, ka kwantar da shi a akwati mai duhu ƙarƙashin kamara. Amma ku kula da abincinsa! Idan akwai ciyawar alfalfa a ciki, hanjinsa zai yi ta ƙyalli, ka ɗauka ka ga ƙari, alhali tuwon jiya ne. Sai a canza masa abinci kwanaki kafin hoto.

Yanzu abin da ke damuna. Yawancin ɗigogin farko da ƙarfen kadmiyam aka yi su, shi kuwa guba ne. Bayan an gama hoton, ina yake zuwa? A 2007 ayarin nan na Bawendi da Frangioni ya nuna cewa wanda bai kai nanomita 5.5 ba, ƙoda na tace shi ya fita da fitsari. Wanda ya fi haka kuwa, hanta da saifa ne ke riƙe shi, ya yi watanni a ciki. Don haka duk wanda zai kawo mini hoton ɓera mai kyau, ya zo mini da sakamakon fitsarinsa da na hantarsa.