Kai ja ne ko shuɗi? Gwajin launi da halin da aka haifi mutum da shi

Assalamu alaikum. Masu kallonmu, barkanku da warhaka daga nan birnin Katsina.

In dai kana riƙe da babbar waya, da wuya a ce ba a taɓa turo maka irin gwajin nan ba. Ka amsa 'yan tambayoyi, ka danna, sai ya fito maka da launi: kai ja ne, ke shuɗiya ce, wane rawaya, wance fara. A wajen wasu bitoci ma akan raba wa mahalarta takardar, kowa ya cike, a ce jajaye su koma can, farare su dawo nan. Har ta kai za ka ji budurwa tana ce wa ƙawarta, "Ni fa ba zan iya da ja ba, mulki gare su."

Ɗaya daga cikin irin waɗannan gwaje-gwajen, wani Ba'amurke ne mai suna Taylor Hartman ya fito da shi a 1987. Ya kasa mutane gida huɗu gwargwadon abin da ke tunzura su. Ja mai son iko ne, a yi abu yanzu-yanzu, kuma a yi yadda ya ce. Shuɗi mutumin zumunci da amana ne, mai sa abu a rai. Fari zaman lafiya ya sa a gaba, ko an taka shi ya gwammace ya janye ƙafa. Rawaya kuwa raha da nishaɗi, inda duk ake dariya yana nan. Tambayoyi 45 ne, da sharaɗi guda wanda shi ne ya kawo mu yau: ka amsa yadda kake tun kana ƙaramin yaro, ba yadda ka zama yanzu ba. Hujjarsa ita ce da launinka aka haife ka, abin da ya biyo baya duk ɗori ne.

Ba shi kaɗai ba ne a kasuwar. Tun 1978 wani Don Lowry ya kafa nasa tsarin mai suna True Colors, shi kuma da shuɗi da kore da ruwan gwal da ruwan lemo. A 2014 wani marubuci ɗan Siwidin, Thomas Erikson, ya fitar da littafi a kan ja da rawaya da kore da shuɗi, aka sayar da miliyoyi. To ga abin lura. A wajen Lowry, kore shi ne mai bin diddigi da lissafi, shuɗi kuma mai tausayi. A wajen Erikson sai suka yi musaya, shuɗi ya zama mai bin diddigi, kore ya zama mai sanyin hali. Mutum ɗaya, da safe kore, da yamma shuɗi, ya danganta da gwajin da aka turo masa. Launin laƙabi ne kawai da kowane marubuci ya zaɓa don a riƙe da sauƙi. A can Siwidin ɗin ma, ƙungiyar masu bin ƙwaƙƙwafin kimiyya ta ayyana Erikson a matsayin wanda ya fi ɓatar da jama'a a shekarar 2018.

Kason gida huɗu ba baƙo ba ne a wajenmu. Tsofaffin likitocin Girka sun ce jiki ruwa huɗu ne ke tafiyar da shi, likitocin Musulunci irin su Ibn Sina suka gaji wannan, suka rubuta a kan jini da balgam da safra'u da sauda'u. Wanda ya zauna a zauren malamai ya ji waɗannan sunaye, ya kuma ji masu hisabi suna cewa wane ɗabi'arsa ta wuta ce, wance ta ruwa, wancan ta iska ko ta ƙasa. Likitanci ya daɗe da barin maganar ruwa huɗu. Kason ne ya ƙi mutuwa.

To me ya sa in ka karanta sakamakon sai ka ji kamar an leƙa zuciyarka? A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwajin hali. Bayan mako guda ya miƙa wa kowa takarda, ya ce ga bayanin halinka, ka ba shi maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon yadda ya dace da kai. Matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Sai da aka gama ya tona: takarda iri ɗaya ya ba kowa, kuma daga wani littafin taurari da ya saya a wajen mai jarida ya tsinto jimlolin. Maganganu ne irin su kana son mutane su so ka, wani lokaci kana da sakin fuska wani lokaci kuma kana son kaɗaici, kana da baiwar da ba ka gama amfani da ita ba. Faɗa mini wanda zai ce ba shi ba ne, daga Ƙofar Soro har Ƙofar Ƙaura.

Sai dai akwai gaskiya a ƙarƙashin maganar Hartman, kuma iyayenmu mata sun riga shi saninta. Shiga gidan suna ka tsaya a tsakar gida. Ga yarinya 'yar wata takwas tana yawo daga hannu zuwa hannu, gwaggo ta karɓa, inna ta karɓa, maƙwabciya ta goya ta, ita dai sai ɓangale baki. Ga wani sa'anta can ya ƙanƙame wuyan uwarsa, da an miƙo hannu sai ya sandare, ya juya fuska, ya ɓarke da kuka har sai an mayar da shi. Nan take wata tsohuwa za ta ce, "Wannan ƙiwa gare shi, haka ubansa ya yi." Ba wanda ya koya wa jaririn nan komai tukuna.

Masu bincike sun bi wannan a tsanake. A 1956 wasu likitoci biyu a birnin New York, Alexander Thomas da matarsa Stella Chess, suka fara bin yara sama da 130 tun suna jarirai har suka girma. Suna duba barci, cin abinci, yawan motsi, yadda yaro ke karɓar baƙon abu. Kashi 40 cikin ɗari suka fito masu sauƙin reno, kashi 10 masu rigima, kashi 15 masu jinkirin sabo. Ku haɗa lissafin, 65 ke nan. Sauran 35 ɗin sun ƙi shiga kowane gida, kuma masu binciken ba su tura su da ƙarfi ba. Gwajin waya kuwa bai taɓa ce wa kowa "kai ba ka da launi" ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne aikin Jerome Kagan na Jami'ar Harvard. Daga 1989 ya tara jarirai kusan 500, 'yan wata huɗu-huɗu. A zaunar da jariri a 'yar kujera, a riƙa kaɗa masa kayan wasa masu launi a gaban ido, a kunna masa muryar da bai sani ba, a kawo masa wani baƙon ƙamshi kusa da hanci. Kusan ɗaya cikin biyar sai su hau wutsil-wutsil da hannu da ƙafa, su banƙare baya, su yi ta kuka. Kusan biyu cikin biyar kuwa ko a jikinsu, kallo kawai suke. Aka ci gaba da dawo da yaran nan shekara da shekaru. Masu banƙarewar nan sun fi sauran fitowa da ɗari-ɗari da baƙo da yawan damuwa. Amma akasarinsu ba su zama matsorata ba, sun tashi kamar kowa. Abin da ya yi wuya shi ne a sami ɗayansu ya zama mai kutsa kai ko'ina ba shakka ba shayi. Shi ya sa Kagan yake ganin halin jarirantaka ya fi nuna abin da yaro ba zai zama ba, a kan abin da zai zama.

A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan an yi wanda ya fi wannan tsawo. Yara 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973, aka zauna da kowannensu na minti 90 yana ɗan shekara uku, aka rubuta yadda yake. Da suka kai 26 aka sake auna su. Masu ƙiriniya da rashin zama wuri ɗaya sun fi fitowa da gaggawa da saurin hasala, masu noƙewa kuma sun fi fitowa da taka-tsantsan da gudun shiga gaba. Alaƙar tana nan, amma siririya ce. A taro ake ganinta, ba ta isa ka nuna yaro guda ka ce ga yadda zai ƙare ba.

Mukan ce hali zanen dutse. To a shekara ta 2000 wasu masana biyu, Roberts da DelVecchio, suka tattara bincike 152 da aka bi mutane na tsawon lokaci, don su ga yaushe zanen yake kamawa. A ma'aunin da 0 ke nufin babu alaƙa, 1 kuma ke nufin mutum bai sauya ko kaɗan ba, yarinta ta tsaya a wajen 0.3, shekarun jami'a 0.5, shekara talatin 0.6, daga hamsin zuwa saba'in kuma 0.7. Wato karin maganar ta fi gaskiya a kan dattijo, a kan yaro kuwa da saura. Binciken tagwaye kuma yana nuna gado na ɗaukar wajen kashi 40 zuwa 50 na bambancin hali tsakanin mutane. Ragowar kuwa daga rayuwa take zuwa.

Akwai kuma wata matsala da sharaɗin nan na "amsa yadda kake kana yaro". Wa ya ce ka tuna? Wani likita a Amurka, Daniel Offer, ya yi hira da samari 'yan shekara 14 a 1962 a kan gida da makaranta da iyaye. Da suka kai 48 ya nemo 67 daga cikinsu, ya ce su tuna amsoshin da suka bayar. Abin da suka tuna bai fi cankan makaho dacewa da abin da suka faɗa a da ba. Mafi yawan abin da muka sani game da yarintarmu labari ne da aka ba mu. Inna ta ce kai miskili ne tun kana goye, yayarka ta maimaita, kai ma ka haddace. Ranar da ka zo cike gwaji, muryar Inna ce ke amsawa.

Sai kuma batun inda aka tashi. Kirarinmu ne a nan, kunya gare mu ba dai tsoro ba. Yaron da aka koya wa ya durƙusa ya gaida manya, kada ya haɗa ido da babba, kada ya tsoma baki in ana magana, ko yarinyar da ta ga uwarta ba ta kiran sunan ɗan farinta, in suka zo gaban tambayoyin da aka tsara a Amurka, "fari" za su fito kusan dukansu. Alhali a cikinsu akwai wanda in ya fita filin ƙwallo shi ke raba lamba, ba mai musa masa. Tarbiyya daban, ƙiwar jarirantaka daban, gwajin kuma ba ya rarrabewa. Ko ita ƙiwar, darajarta na bin zamani. Wani masani, Xinyin Chen, ya auna 'yan firamare a birnin Shangai na ƙasar Sin a 1990, ya tarar yaro mai kunya shi abokai ke so, shi malamai ke yabo. Da aka sake aunawa a 2002, bayan kasuwa ta buɗe gasa ta yi zafi, irin wannan yaron ne abokai ke gudu.

Almajirai sun san hadisin Ashajju na tawagar Abdul Ƙaisi. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya ce masa yana da halaye biyu da Allah yake so, haƙuri da natsuwa. A ruwayar Abu Dawuda ya tambaya ko shi ya koye su ko a kansu aka halicce shi, aka ce masa Allah ne ya halicce shi a kansu. A Buhari kuma ga mutumin da ya nemi wasiyya, aka yi ta maimaita masa kada ya yi fushi. Da fushi ba ya tanƙwaruwa, da ba a yi wannan umarni ba.

Thomas da Chess sun lura cewa makomar yaro ba ta rataya ga halinsa shi kaɗai ba, sai ga yadda halin ya dace da hannun da ke renonsa. Mai ƙiwa in aka fizge shi aka danƙa wa baƙo ana yi masa dariya, ƙara ƙanƙamewa zai yi. In aka ɓoye shi a ɗaki don kada ya yi kuka, ba ranar sabawa. A bar shi a cinyar uwarsa ya gama kallon baƙon, gobe a matsa kaɗan. Abin da na fi tsoro shi ne a ɗauki gwajin nan a yi wa yara a gida, a ce Abba ja ne, Ummi fara ce. Laƙabin "mai taurin kai" kaɗai ya ishi yaro kaya, balle a ƙara masa da takardar shaida.

Ga manya, a yi shi a majalisa a yi dariya, wani lokaci ma yakan buɗe hirar da miji da mata suka daɗe suna kewayewa. Amma ɗaukar ma'aikaci ko zaɓen miji da launi, a'a. Binciken masana ya nuna shaidar waɗanda suka san mutum takan fi abin da ya faɗa da bakinsa hasashen yadda zai riƙe aiki. Wannan ne kawunnai da baffanni ke yi in an zo neman aure, su bi unguwa su tambayi maƙwabci, su tambayi wanda ya yi tafiya da yaron, su tambayi wanda kuɗi ya taɓa haɗa su.

Mu kwana nan, sai mun haɗu a shiri na gaba.