Mace a Bakin Daga: Ja-in-jar da Ta Ƙi Ƙarewa a Amurka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, yau a waje nake ɗaukar bidiyon. Ginin da kuke gani a bayana yana bakin ƙofar maƙabartar sojoji ta Arlington, tsallaken kogin Potomac daga birnin Washinton. A 1997 aka buɗe shi domin tunawa da matan da suka yi aikin soja a Amurka. Abin da ya kawo ni shi ne maganar da ta sake tasowa a ƙasar nan, ake ta kai ruwa rana a kanta: a bar mace ta shiga rundunar da ke gaba da gaba da abokan gaba, ko a tsayar da ita a ofis da asibiti da sito?

Masu bibiyata sun san sana'ata gashin ƙashi ce, kuma cikin waɗanda nake dubawa akwai tsofaffin sojoji, maza da mata. Gwiwoyinsu da ƙugunsu da gadon bayansu sun sha ratsawa ta hannuna. Shi ya sa maganar nan take taɓa ni.

Bari mu faro daga dokar kanta. A 1994 ma'aikatar tsaron Amurka, lokacin sakatare Les Aspin, ta kafa ƙa'ida. Mace za ta iya tuƙa jirgin saman yaƙi, za ta iya aiki a jirgin ruwan yaƙi, amma ba za a sa ta a ƙananan rundunonin ƙasa waɗanda aikinsu shi ne fafatawa ido da ido ba, wato sojan ƙafa, da na tankoki, da dakaru na musamman. Waɗanda suka rubuta ƙa'idar irin yaƙin da suka sani suka hango: ga bakin daga can, ga sansani nan baya inda ake dafa abinci ana gyaran motoci. Sai ga Afganistan a 2001, ga Iraƙi a 2003, inda babu gaba babu baya. Wanda ya binne bam a gefen titi bai san ko direban motar da za ta taka shi mace ce ko namiji ba.

A watan Maris na 2005 'yan bindiga suka yi wa wani ayarin motocin kaya kwanton ɓauna kusa da Salman Pak, kudu maso gabashin Bagadaza. Cikin 'yan sandan sojan da ke rakiyar ayarin akwai saja Leigh Ann Hester. Ita da shugaban tawagarta suka sauka daga mota, suka bi ramukan da maharan suka laɓe da gurneti da bindiga har suka share su. Aka ba ta lambar jarunta ta Silver Star, mace ta farko da ta samu tun bayan yaƙin duniya na biyu. A takarda kuwa, Hester ba sojar faɗa ba ce.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na Monica Lin Brown ne, ma'aikaciyar jinya a rundunar soja. A watan Afrilu na 2007, a lardin Paktiya na Afganistan, bam ya tashi da ɗaya daga motocinsu. Yarinyar nan, tana da shekara 18, ta ruga cikin ruwan harsasai, ta kifa jikinta a kan waɗanda suka jikkata, ta yi musu magani. Ita ma aka ba ta Silver Star. Amma ba a jima da faruwar abin ba aka janye ta daga wannan sansanin, saboda ƙa'ida ba ta yarda mace ta zauna da irin wannan rundunar ba. Ta nuna za ta iya, a gaban kowa, sannan aka ce mata ba wurinta ba ne.

Akwai kuma abin da ya tilasta wa kwamandoji neman mata da kansu. A Iraƙi da Afganistan ba zai yiwu namiji baƙo ya laluba jikin matar mutane ba, ko ya shiga ɗakinta yana mata tambayoyi. Sai aka riƙa aro mata daga wasu sassa, direbobi da makanikai da ma'aikatan ofis, ana haɗa su da sojan ƙafa su tsaya a shingen bincike ko su shiga gidaje. Daga baya har samamen dare aka riƙa fita da su tare da dakaru na musamman. A irin wannan fita laftana Ashley White ta rasu a Kandahar a watan Oktoba na 2011, tana da shekara 24. Sanata Tammy Duckworth da kuke gani yau a majalisar dattawa a kan keken guragu, a 2004 ta rasa ƙafafunta biyu, lokacin da aka harbo jirgi mai saukar ungulu da take tuƙawa a Iraƙi. Matan sojan Amurka da suka mutu a yaƙoƙin nan biyu sun haura 150.

To jama'a, ku gaya mini, me dokar 1994 ta tsare? Ba ta tsare su daga harsashi ba. Abin da ta hana su shi ne cikakken horon sojan ƙafa kafin a tura su, da a rubuta a fayil ɗinsu cewa sun yi faɗa, da hanyar ƙarin girma, tunda manyan janarorin sojan ƙasa galibi daga rundunonin faɗa suke fitowa. Wata baiwar Allah da nake gasa wa baya ta taɓa gaya mini cewa da ta je neman haƙƙinta na jinya, ta ce ciwon daga fagen fama ta samo shi, sai wanda ke bayan teburin ya dube ta ya ce ai mata ba sa zuwa faɗa. Tana ba ni labarin tana hawaye. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta ke nan.

A watan Janairu na 2013 sakataren tsaro Leon Panetta ya soke ƙa'idar, a Disamban 2015 kuma sakataren tsaro na lokacin, Ash Carter, ya buɗe dukkan guraben ba tare da togiya ba. Ba Amurka ce ta fara ba. Norway ta buɗe tun 1985, Kanada a 1989, Jamus a 2001 bayan wata mata mai suna Tanja Kreil ta yi nasara a kotun Tarayyar Turai. Birtaniya ta ɗage nata takunkumin a 2016, ta kammala buɗe komai a 2018.

Yanzu ga hujjar masu adawa, kuma ba zan raina ta ba, domin mafi ƙarfinta a fannina take. Jikin namiji da na mace ba ɗaya ba ne. A jimlace namiji ya fi yawan tsoka, musamman a kafaɗa da ƙirji da damtse, ƙashinsa ya fi kauri, zuciyarsa da huhunsa sun fi girma. Sojan ƙafa kuwa yakan ɗauki kayan da suka kai kilo 40 ko fiye: rigar sulke, hular kwano, bindiga, albarusai, ruwa, batura. Ka ɗora wa mai nauyin kilo 60 wannan lodi, ka ɗora wa mai kilo 85, su yi tafiyar yini a kan duwatsu, ba iri ɗaya jikinsu zai ji ba. Ƙashi ba ya karyewa farat ɗaya a irin wannan aiki. Tsagewa yake yi a hankali, a ƙwauri, a tafin ƙafa, a ƙugu, saboda ana ɗora masa nauyi fiye da yadda yake iya gyara kansa. An daɗe da sanin cewa kurata mata sun fi maza samun irin wannan tsagewar lokacin horo. Duk wanda ya musanta wannan don ya kare mata, cutar da su yake yi.

A 2015 rundunar Marin, wato sojan kundumbala da ke ƙarƙashin ma'aikatar sojan ruwa, ta yi gwaji na watanni, ta kwatanta tawagogin maza zalla da waɗanda aka gauraya. Maza zalla suka yi fice a kashi 69 cikin ɗari na ayyukan da aka auna, matan kuma suka fi jin rauni. Da wannan rundunar ta nemi a bar mata wasu guraben a rufe, Carter ya ƙi. Masu sukar gwajin, har da sakataren sojan ruwa na lokacin Ray Mabus, sun ce matsakaicin sakamako aka duba, ba abin da kowane mutum ɗaya ya iya ba, kuma da yawa daga mazan sun riga sun goge a aikin alhali matan sabbin fitowa ne daga horo.

A nan ni nake tsaye. Soja ba ya ɗaukar matsakaicin mutum, mutum ɗaya yake ɗauka, mai suna da lamba. Yawancin mata ba za su iya aikin sojan ƙafa ba, gaskiya ne. Maza da yawa ma ba za su iya ba, ana kuma tankaɗe su kullum. A watan Agustan 2015 Kristen Griest da Shaye Haver suka kammala makarantar Ranger, horon kusan wata biyu na yunwa da rashin barci a daji da tsauni da fadama, wanda maza da yawa ke faɗuwa. Tun daga nan matan da suka gama sun wuce 100. Da wace hujja za a ce wa mace irin wannan ta koma, alhali an karɓi namijin da ta fi?

Sharaɗina ɗaya ne, ba na kuma sassauta shi: ma'auni ya zama ɗaya, kuma daga aikin za a ciro shi. Harsashin babbar igwa ya haura kilo 40, duk wanda zai loda shi sai ya iya ɗaga shi sau da yawa a jere. Abokin aikin da aka harba, da sulkensa da komai, sai an ja shi zuwa maɓoya. A auna wannan. Wadda ta iya ta shiga, wanda ya kasa ya fita. In mata biyu kacal suka tsallake cikin ɗari, a ɗauki biyun, kada wani kwamanda ya rage nauyi don adadi ya yi kyau a rahoto. Rage ma'auni matan da suka cancanta yake fara cuta, domin daga ranar kowa zai riƙa kallon su a matsayin 'yan alfarma.

Mutane kan rikita abu biyu a nan. Akwai gwajin lafiyar jiki na kowa da kowa, wanda makinsa ke bambanta da shekaru da jinsi. Namiji ɗan 45 ma ba a neman ya yi gudun ɗan 20. Akwai kuma ma'aunin shiga wani aiki takamaimai, wanda dokar Amurka tun shekarun 1990 ta ce kada ya bambanta tsakanin mace da namiji. Pete Hegseth, kafin ya zama sakataren tsaro, ya fito fili a Nuwamban 2024 ya ce bai kamata mata su kasance a guraben faɗa ba. Da ya zo gaban majalisar dattawa a Janairun 2025 sai ya koma maganar ma'auni, a Satumban shekarar kuma ya tara janarori a sansanin soja na Quantico ya ce za a auna guraben faɗa da mafi tsaurin ma'aunin maza, in hakan ya sa babu macen da ta tsallake wasu ayyukan, shi ke nan. In aikin ne ya buƙaci tsaurin, ina goyon baya. Abin da nake tsoro shi ne a ƙirƙiro gwajin da ba shi da alaƙa da aikin don kawai a rufe ƙofar da aka buɗe.

Kuma wani ɓangare na raunin da mata ke ji gyaruwa yake yi. Shekara da shekaru suna sanye da sulken da aka ɗinka wa jikin namiji: ya yi musu tsawo, ya dokar musu cinya, ya hana gindin bindiga zama a kafaɗa. Sai wajen 2012 sojan ƙasa suka fara gwada wanda aka yanka daidai jikin mace. Haka jakar baya da takalmi. In aka ƙara nauyi mataki-mataki, aka kula da abinci da ƙarancin jini, tsagewar ƙashi na raguwa. Wannan aikinmu ne, mun san yana yi.

Masu cewa zaman mace cikin maza zai jawo fitina, su ma akwai abin dubawa a maganarsu, sai dai sun ɗora laifin inda bai dace ba. Cin zarafin mata a barikin soja babbar matsala ce, dubban ƙorafe-ƙorafe ake shigarwa duk shekara. Kisan wata soja mai suna Vanessa Guillén a barikin Fort Hood a 2020 ya girgiza ƙasar nan, har majalisa ta karɓe ikon yanke shawarar gurfanarwa a irin waɗannan laifuka daga hannun kwamandoji ta miƙa wa lauyoyin rundunar da ba sa ƙarƙashin kwamandojin. Amma ku lura, Guillén ba a bakin daga take ba, gyaran makamai take yi a cikin bariki. Rufe guraben faɗa ba zai cece ta ba. Hukunta mai laifi ne maganin.

Na san wasu za su kawo mini Sarauniya Amina ta Zazzau, wasu su kawo Nusaiba bint Ka'ab da ta tsaya da takobi ranar Uhudu. Ina alfahari da su, hukuncin addini kuma na malamai ne. Amma jaruma ɗaya a tarihi ba ta isa a gina tsarin runduna a kanta ba, kamar yadda gazawar mata dubu ba ta isa a kori wadda ta iya ba.

Saura abu guda da ya shafi masu zama a nan kai tsaye. Duk namiji mai shekara 18 zuwa 25 da ke zaune a Amurka, har da baƙin da suka zo zama, doka ta wajabta sunansa ya shiga rajistar waɗanda za a iya kira aikin soja in yaƙi ya ci tura. Mata ba sa ciki. A 1981 kotun ƙoli ta amince da wannan bambanci, dalilinta kuwa shi ne mata ba sa shiga faɗa. Yanzu wannan dalili ya kau. A 2020 wani kwamitin da majalisa ta kafa ya ba da shawarar a sa mata a rajistar, an kuma sha kawo ƙudurin yana faɗuwa. Norway ta fara kiran mata aikin soja na dole da dokar 2015, Suwidin ta bi a 2017, Denmak a 2025. Ni a nan na ja birki. Buɗe wa wadda ta kawo kanta ƙofa daban, aika wa 'yar mutane takardar kira daban, kuma ba na goyon bayan na biyun. Iyaye masu 'ya'ya mata a ƙasar nan, ku riƙa bin kasafin tsaron da majalisa ke muhawara a kai duk shekara, domin a cikinsa ake cusa wannan batu.

Za a rufe wurin nan ba da jimawa ba, ina so in shiga in ɗauko muku cikinsa. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, ku huta lafiya.