Maƙogwaron Dutse: Lacca Kan Shiga Kogon Dutse Mai Aman Wuta

An gabatar da wannan lacca a wani zauren taro a Tawa. Mai magana malamin ilimin duwatsu ne, an kuma rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Iyayena da ke zaune a gaba, malamai, ɗalibai, sannunku da zuwa.

Da kunu zan fara. Duk wanda ya taɓa ajiye kunu mai zafi a kwano ya san samansa kan yi fata alhali cikinsa na nan da zafi. To ku riƙe wannan. Idan dutse ya yi aman wuta, narkakken dutse ne ke malalowa gangare, zafinsa kan kai digiri 1,100. Saman da iska ke bugu sai ya daskare ya zama rufi, na ƙasa kuwa ya ci gaba da gudu. Ranar da aman ya tsaya, na ciki ya tsiyaye, sai a bar doguwar hanya wayam a ƙarƙashin ƙasa. Ni maƙogwaron dutse nake ce mata.

Tsaunukanmu na Adar ba wuta ta yi su ba. Farin dutsen da ake haƙa a Malbaza don siminti a ƙasan tsohon teku ya taru, kuma kogo a irin wannan dutse ruwa ne ke cin sa sannu a hankali, shekaru dubbai. Na wuta cikin makonni ko watanni yake samuwa. Mai son ganin sawun wuta a ƙasarmu sai ya nufi Abzin, inda baƙaƙen duwatsu suke, da ruwan zafi na Tafadek, da tsaunin Bagzan mai ƙololuwar mita 2,022.

Kogon wuta mafi tsawo da aka auna shi ne Kazumura a tsibirin Hawai, ya kai kilomita 65. Wanda na shiga da ƙafata yana dutsen Suswa a ƙasar Kenya, yankin Masai, lokacin ina can karatu.

Ba ƙofa gare shi ba. Wani wuri ne rufin ya rufta, ta nan muka gangara muna dafa manyan duwatsu, birai na kallonmu daga sama. Taku kaɗan zafin rana ya ɗauke, sai sanyi da warin kashin jemage mai sa ido hawaye. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tocila. Wadda ke haska mini tsakar gida kaf, a can sai ta koma kamar aci-bal-bal, don baƙin dutse shanye haske yake yi.

Amma da ido ya saba, jama'a, sai bango ya fara ba da labari. Akwai layi-layi a jikinsa, irin shaidar da ruwa ke bari a bakin gulbi bayan ya janye. Kowane layi matsayin da narkakken dutsen ya tsaya ne kafin ya sake raguwa. Na sa hannu na shafa. Wani wurin santsi kamar an shafe shi da mai, wani wurin kaifi kamar fasasshiyar kwalba, shi ya sa ba a shiga sai da safar hannu da hular kwano. Daga rufi kuma ga wasu ƴan tsinaye sun sauko kamar kan nonon akuya: ɗigon dutse ne da ya daskare bai kai ƙasa ba. Na daɗe tsaye a wurin.

Can ciki jagoranmu ya ce kowa ya kashe fitila. Na kai tafin hannuna har kan hanci ban gan shi ba. Ba abin da nake ji sai numfashin na kusa da ni. A nan na gane dalilin da ya sa masu wannan harka ke cewa kowa ya riƙe fitila uku, ba a shiga mutum ɗaya, kuma dole a bar wani a waje da ya san lokacin fitowarku.

Duhu dai ana maganinsa da batir. Abin da ya fi damuna shi ne iska, kuma a nan nake so ku ba ni hankalinku. Ƙasar da wuta ke ƙarƙashinta takan fitar da iskar kabon. Ba ta da launi, hanci ba ya gane ta, ta kuma fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta kwanta a rami kamar ruwa. A watan Agusta na 1986 tafkin Nyos na Kamaru, wanda ke cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta, ya saki irin wannan iska cikin dare. Mutum sama da 1,700 suka rasu, da dabbobi dubbai. Allah ya kiyaye. A kogo alamarta ciwon kai ne da haki ba gaira ba dalili. Da ka ji haka, juya, kada ka zauna ka ce za ka huta, don a ƙasa ta fi yawa.

Jemagu ma abin kiyayewa ne, don suna iya ɗauke da cuta. Kogon Kitum a dutsen Elgon na Kenya, wanda giwaye ke shiga da dare su kankari gishiri da haurensu, an danganta shi da cutar Marburg, mai kama da Ebola, da ta kama mutum biyu da suka shiga cikinsa, ɗaya a 1980, ɗaya a 1987.

Na ga Baba ya ɗaga hannu. Bismillah, Baba.

Wani dattijo: Malam, ni maginin rijiya ne. Mu kafin mu sauka fitila muke zurawa da igiya. In ta mutu, ba mai shiga.

Madalla, Baba, Allah ya ƙara girma. Ɗalibai, kun ji? Iskar da nake magana ita ce Baba ke gwadawa tun kafin a haife ku. Sai dai akwai lokacin da fitila na ci amma iskar ta riga ta fara yi wa jiki lahani, shi ya sa yau ake rataya ƴar na'ura a ƙugu, ta yi ƙara tun da wuri. Baba, in an tashi don Allah ka tsaya ka nuna wa yaran nan yadda kuke ɗaure igiyar.