Ranar Uhudu da ranar Hunaini: laccar bayan magariba

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'a a ɗan matso gaba, na baya su samu wuri, kuma dan Allah mai waya ya kashe ƙararta.

Toh yau maganar tamu a kan yaƙi biyu ce, Uhudu da Hunaini, shekara 5 ne tsakaninsu, dukansu kuma a watan Shawwal aka yi su. Na haɗa su ne saboda a duka biyun musulmi sun sha wuya, kuma in ka duba abin da ya jawo ɗaya ne, ido ya bar kan umarnin Allah ya koma kan lissafin mutane. A ɗaya mutane sun ga su kaɗan ne sai tsoro ya shiga, a ɗayan sun ga suna da yawa sai ji da kai ya shiga.

Uhudu shekara ta 3 bayan hijira. Ƙuraishawa sun taho su 3,000 don ɗaukar fansar Badar, Annabi (SAW) ya fito da mutum 1,000, ana cikin tafiya Abdullahi ɗan Ubayyu ya ware da kusan 300 ya koma Madina, wai an ƙi jin shawararsa an bi ta yara. Kun ga girman kai tun ba a je ko'ina ba, shawara ce fa kawai aka ɗauki ta wani aka bar tasa, shikenan ya fasa rundunar. Kuma har yau muna da irinsu, a kwamitin masallaci ma in ba a bi ra'ayin mutum ba sai kaga ya daina zuwa mitin, ya koma gefe yana jira abin ya lalace ya ce ai na faɗa. Saura 700 kenan. Da Banu Salima da Banu Harisa, wasu dangi biyu na Madina, suka ga haka su ma zuciyarsu ta karaya, sun kusa juyawa, Allah ya ba da labarinsu a Ali Imrana aya ta 122 ya ce shi ne majiɓincinsu, kuma ga Allah muminai za su dogara. Tsoron ya zo musu, mutane ne, amma ba su yi aiki da shi ba. Jin tsoro ba laifi ba ne malam, laifin shi ne ka bari ya yanke maka hukunci.

Sai maharba. Mutum 50 Annabi ya ɗora a kan wani ɗan tsauni, wanda ya je Madina ziyara ya gan shi, ba wani babban dutse ba ne, mahajjata ma hawa suke suna ɗaukar hoto. Ya shugabantar musu da Abdullahi ɗan Jubairu, ya ce ko kun ga tsuntsaye suna fizgar mu kada ku bar wurin nan sai na aiko muku. Magana a fili, ba ta buƙatar tafsiri. Da nasara ta fara zuwa kafirai suka watse, sai mafi yawansu suka ce ganima jama'a ganima, me kuke jira. Shugabansu yana tuna musu umarnin suna sauka, waɗanda suka tsaya tare da shi ba su wuce kamar goma ba. Wannan ma wani irin tsoro ne, tsoron kada a raba ba da kai ba. Shi ne yake sa ɗan kasuwa ya tauye mudu, shi ne yake sa ma'aikaci ya karɓi na goro yana cewa kowa ma yi yake, in ban karɓa ba wani zai karɓa. Halidu ɗan Walidu lokacin bai musulunta ba yana cikin rundunar Ƙuraishawa, yana ganin tsaunin ba kowa ya zagayo da dawakai ta baya. Aka kashe sahabbai 70, har da Sayyidina Hamza da Mus'abu ɗan Umairu, aka ji wa Annabi ciwo a fuska aka karya masa haƙori.

Amma ku ji abin da ya faru washegari, ni nan ne wurin da yake taɓa ni. Annabi ya sa aka yi shela a fito a bi sawun Abu Sufyan shugaban rundunar Ƙuraishawa, kuma kada wanda ya fito sai wanda ya halarci yaƙin jiya, Jabiru ɗan Abdullahi ne aka yi wa izini na musamman. Mutane da raunuka ba su warke ba, wani ɗan'uwansa ne yake goya shi in ya gaji, haka suka je Hamra'ul Asad, wajen mil 8 daga Madina. Aka aiko musu da saƙon tsoratarwa cewa mutane sun taru za su dawo su ƙarasa ku. Suka ce hasbunallahu wa ni'imal wakil, wato Allah ya ishe mu, madalla da abin dogaro. Ibn Abbas ya ce ita ce maganar da Annabi Ibrahim ya faɗa da aka jefa shi wuta. Abu Sufyan kuwa ya wuce Makka bai dawo ba. Mutanen nan dai su ne na jiya, yawansu ma raguwa ya yi, abin da ya canja an ce su fito sun fito.

Toh Hunaini kuma, shekara ta 8, ba a daɗe da buɗe Makka ba. Yanzu musulmi 12,000 ne, 10,000 da suka zo daga Madina da 2,000 na Makka, ba su taɓa fita da irin wannan yawan ba. Har wani ya ce yau dai ba za a ci mu saboda ƙaranci ba. Ƙabilun Hawazin da Saƙif ƙarƙashin Maliku ɗan Aufu sun riga su shiga kwarin Hunaini sun ɓoye, da duku-duku musulmi suna gangarowa sai ruwan kibau ta ko'ina, rundunar nan ta 12,000 ta tarwatse kowa ya yi ta kansa. Suratut Tauba aya ta 25 ta faɗa ba ɓoye-ɓoye, yawanku ya burge ku amma bai amfane ku da komai ba, ƙasa duk faɗinta ta yi muku ƙunci. Wallahi wannan ayar masu kuɗi da masu muƙami da mu malamai masu ɗalibai da yawa ya kamata mu riƙa karanta ta, don mu ne muke lissafin mabiya.

Kada wani ya fita daga nan ya ce malam ya ce shiri ba shi da amfani. A Uhudu sulke biyu Annabi ya sa, kafin Hunaini kuma sai da ya ari sulkuna a wajen Safwanu ɗan Umayya alhali Safwanu bai ma musulunta ba tukuna. Ya yi shiri iya shiri, zuciyarsa ce kawai ba ta rataye a kan shirin ba. Shi ya sa da kowa ya gudu shi gaba yake sa farar alfadararsa wajen abokan gaba, baffansa Abbas yana riƙe da linzami don kada ta yi sauri, yana cewa ni ne Annabi ba ƙarya, ni ne ɗan Abdulmuɗallib. Ya ce wa Abbas, da yake mai babbar murya ne, ya kira mutanen da suka yi mubaya'a a gindin bishiya. Abbas ya ce da suka ji kiran sai suka juyo kamar yadda shanu suke juyowa wajen 'ya'yansu, suna labbaika labbaika, wanda raƙuminsa ya ƙi juyawa sai ya diro ya ɗauki takobi da garkuwa ya taho da ƙafa. Da kamar mutum 100 suka taru aka sake gwabzawa, Hawazin suka karye, Maliku ya gudu Ɗa'ifa.

Na ga ladan ya miƙe. Maganar Ɗa'ifa da rabon ganima a Ji'irana sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, iyayenmu mata masu tambaya a rubuto a takarda a ba yara su kawo.